Wane Gyara Ya Fi Dacewa da Ilektirod ɗin Bututun Kabon Wajen Gano Sinadarai?

Duk mai binciken da ya yi niyyar ƙera ma'aunin sinadari mai aiki da lantarki, ya kuma zaɓi siraran bututun kabon da ake kira nanotub su zama fuskar ilektirod ɗinsa, wato sandar da ke taɓa samfurin tana musayar lantarki da shi, ba ya daɗewa kafin ya gane cewa sayen bututun shi ne mafi sauƙin abin da ke gabansa. Baƙin garin da ke zuwa cikin kwalba ba ya gauraya da ruwa, yana dunƙulewa ya kwanta a ƙasa cikin ɗan lokaci, kuma ko an shafa shi a kan ilektirod ba ya bambance sinadarin da ake nema da sauran da suka biyo shi cikin samfurin. Saboda haka ake gyara fuskarsa, kuma hanyoyin gyaran suna da yawa: akwai dafa shi cikin asid mai ƙarfi, akwai ɗaura masa wani sinadari da haɗi na dindindin, akwai manna masa sinadarin ba tare da an taɓa ƙirarsa ba, akwai naɗe shi da folima, wato sinadari mai doguwar sarƙa irin na roba, akwai kuma ɗora masa ƙananan ƙwayoyin ƙarfe ko wani sinadari mai shiga tsakani, wanda ke kai ilektiron tsakanin abin da ake aunawa da ilektirod. Kowace hanya tana ba da wani abu, tana karɓe wani. A ganina bai kamata zaɓin ya ta'allaƙa ga wadda ta fi ba da babbar sigina ba, sai dai ga wadda mutum zai iya bayyana daga ina siginarta ta fito, ya kuma sake samun irinta gobe da wani ilektirod ɗin da ya ƙera da hannunsa.

Shi bututun shimfiɗar kabon ce mai kaurin atam ɗaya wadda aka naɗe kamar tabarma. Idan naɗin guda ne sai a ce mai bango ɗaya, idan kuwa an zura wasu cikin wasu sai a ce mai bango da yawa. Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan ne ya ba da rahoton mai bango da yawa a 1991, sannan a 1993 rukuninsa da na Donald Bethune a kamfanin IBM a Amurka suka fito da mai bango ɗaya. Faɗin mai bango ɗaya bai cika wuce nanomita 1 zuwa 2 ba, shi kuwa ɗayan yakan kai gommai, da tazarar kusan nanomita 0.34 tsakanin bango da bango. A 1996 Britto da Santhanam da Ajayan suka gwada shi a matsayin ilektirod wajen auna dofamin, sinadarin aika saƙo a ƙwaƙwalwa, a 2002 kuma rukunin Joseph Wang a New Mexico ya nuna cewa matsin lantarkin da ake buƙata kafin NADH, wani sinadari da enzayim da yawa ke aiki da shi a jiki, ya saki ilektiron ɗinsa ya ragu da kusan milibolt 490 idan aka kwatanta da ilektirod ɗin kabon na yau da kullum. Daga nan ne rahotanni suka yi ta kwarara.

Zaɓi na farko, wato tsakanin mai bango ɗaya da mai bango da yawa, ba ya buƙatar dogon tunani. Mai bango da yawa ya fi araha nesa ba kusa ba, kusan dukkansa yana wuce da lantarki, kuma idan asid ya ci bangon waje, na ciki suna nan suna ɗaukar ilektiron. Mai bango ɗaya ya fi faɗin fuska a kowane giram, amma kimanin kashi biyu cikin uku na abin da ake samu a tsiro ɗaya, wato abin da aka sarrafa a zubi guda, ba cikakken mai wuce da lantarki ba ne, kuma duk raunin da aka yi wa bangonsa an yi wa hanyar lantarkin ne gaba ɗaya, tunda ba shi da wata. Wanda zai yi gyara mai tsanani ya ɗauki mai bango da yawa. Wanda zai manna sinadari a hankali, kuma yana da kuɗin, mai bango ɗaya zai yi masa amfani.

Kafin a shiga kwatanta hanyoyin gyara akwai wata magana da ta shafe su duka, kuma wanda bai san ta ba zai iya yaba wa bututun kan aikin da ba shi ya yi ba. Kusan duk bututun da ake sayarwa an tsirar da shi ne a kan ƙwayoyin ƙarfe: hanyar HiPco tana amfani da baƙin ƙarfe, ta CoMoCAT tana amfani da kobalt da molibdinom, wasu kuma da nikel. Wani ɓangare na wannan ƙarfen yana maƙale a cikin bututun, lulluɓe da kabon, inda asid ba ya kai masa sosai. A 2006 rukunin Richard Compton na Jami'ar Oxford a Ingila ya nuna cewa saurin da ake gani wajen auna haidurazin da haidurojin feroksaid a kan wasu ilektirod ɗin bututun daga ragowar tsatsar baƙin ƙarfe yake fitowa, ba daga kabon ba, sannan Martin Pumera ya nuna a 2007 cewa ragowar ƙarfen tana nan ko bayan wanki da asid na naitirik mai zafi. Tun kafin wannan, rukunin na Oxford ya riga ya kawo hujjar cewa bakunan bututun da wuraren da bangonsa ya tsage su ne ke yin mafi yawan aikin, kuma giraffait da aka yanka ta gefensa yakan yi abin da bututun ke yi. Rukunin Patrick Unwin da Julie Macpherson na Jami'ar Warwick kuwa ya nuna cewa bangon bututu mai tsabta, wanda ba a yi masa rauni ba, shi ma yana musayar ilektiron da sauri da wasu sinadarai. Abin da mai zaɓi zai ɗauka daga wannan muhawara shi ne cewa amsar ta danganta ga sinadarin da yake nema: akwai waɗanda sai sun zauna a kan fuskar ilektirod, sun sami wurin kamawa, kafin su saki ilektiron, irin su NADH da bitamin C da dofamin, akwai kuma waɗanda daga nesa kaɗan suke musayar, ba ruwansu da abin da ke kan fuskar. Na farkon ne gyaran fuska ke yi wa tasiri mai yawa.

Dafawa cikin asid ita ce hanyar da aka fi bi, kuma da dalili. Ana zuba garin cikin cakuɗen asid na salfa kashi uku da asid na naitirik kashi ɗaya, dukkansu masu ƙarfi, irin wanda rukunin Richard Smalley na Jami'ar Rice ya yi amfani da shi a 1998 wajen yanka bututun gajeru-gajeru, a sa kwalbar cikin na'urar girgiza ruwa da sauti ko a ɗumama ta na wasu sa'o'i. Jan hayaƙi mai guba yana tashi, don haka ba a yin wannan aiki sai cikin akwatin zuƙe hayaƙi mai aiki da gaske. Bayan nan a tsiyaya cakuɗen a hankali cikin ruwan sanyi mai yawa, ba a taɓa zuba ruwan cikin asid ba, a tace, a yi ta wankewa har takardar gwaji ta nuna pH, ma'aunin tsamin ruwa, ya kusa 7. Garin da a da yake kwanciya cikin mintuna sai ya zama baƙar tawada mai zama makonni ba ta rabu ba, saboda bakunan bututun sun buɗe kuma rukunonin kaboksil sun tsiro a kansu. Waɗannan rukunonin suna ɗauke da cajin negatif a pH na jini, wato 7.4, don haka suna jawo dofamin mai cajin fozitif, suna korar bitamin C da asid na yurik masu cajin negatif, kuma wannan shi ne babban abin da ake nema tunda bitamin C a ruwan ƙwaƙwalwa yakan ninka dofamin sau ɗaruruwa. Su ne kuma ƙugiyar da ake rataya enzayim ko sinadarin garkuwar jiki ta hanyar sinadaran haɗawa da ake kira EDC da NHS.

Illar asid ita ce ba shi da linzami. Yana ci gaba da cin bututun muddin ana dafawa, yana gajarta shi, yana huda bangonsa, har ya fara rage masa iya wuce da lantarki, kuma sa'a ɗaya da aka ƙara ko digiri goma na zafi sun isa su sa tsiron yau ya bambanta da na jiya. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: dafuwar tana haifar da ɓarɓashin kabon mai ɗauke da kaboksil wanda ke manne a jikin bututun, ta yadda wani kaso na rukunonin da mutum ke zaton suna kan bututu a kan ɓarɓashin suke. Wanda ya rataya enzayim ɗinsa a kan wannan ɓarɓashi zai ga siginarsa tana raguwa a duk wanki. Maganin shi ne a wanke da ruwan sodiyom haiduroksaid, wanda zai fito launin ruwan ƙasa idan ɓarɓashin yana nan, sannan a mayar da shi da asid mai rauni. Ana iya bibiyar yawan raunin da na'urar Raman mai auna hasken da bututun ke mayarwa, ta hanyar kwatanta tsayin layin da ke kusa da 1350 da na wanda ke kusa da 1580. Gwargwadon tashin na farkon, gwargwadon ɓarnar.

Ɗaurawa da gishirin dayazoniyom ta fi asid biyayya. Jean Pinson da Jean-Michel Savéant da abokan aikinsu a Faransa ne suka bayyana ta a kan ilektirod ɗin kabon a 1992, rukunin James Tour kuma ya kai ta kan bututun a 2001. Ana tsoma ilektirod ɗin da aka riga aka shafa wa bututu cikin ruwan gishirin, a ba shi ilektiron, sai zoben benzin ɗin ya ɗauru kai tsaye da kabon na bango, ɗauke da duk rukunin da aka zaɓa, ko kaboksil ko amin ko wani. Haɗin yana da ƙarfi sosai, yana jure wanki da girgiza da zafi, kuma mai aiki yana iya ƙayyade yawan abin da ya ɗauru ta yawan lantarkin da ya bari ya wuce. Matsalarta ita ce zobunan sukan ci gaba da hawa kan juna har su gina kauri mai toshe hanyar ilektiron, kuma kowane haɗi yana ɓata ƙirar bango a wurin da ya kama. Na fi ganin dacewarta ga ma'aunin da zai daɗe yana aiki cikin ruwa mai gudu ko wanda za a riƙa wankewa ana sake amfani da shi, musamman a kan bututu mai bango da yawa.

Mannawa ba tare da haɗin dindindin ba tana tafiya ne a kan wata dabara ta daban. Sinadarin fairin yana da zobuna huɗu a shimfiɗe, masu kwanciya daram a kan bangon bututu saboda ƙirarsu iri ɗaya ce, kuma rukunin Hongjie Dai na Jami'ar Stanford ya nuna a 2001 cewa idan aka haɗa wa fairin ɗin wutsiya mai kama rukunin amin da ke jikin furotin, za a iya rataya furotin a kan bututu mai bango ɗaya ba tare da an karya ko haɗi ɗaya na kabon ba. Aikin yana da sauƙi: a jiƙa ilektirod ɗin cikin sinadarin da aka narkar a ruwan narkarwa irin DMF ko metanol na kimanin sa'a ɗaya, a ɗauraye sosai, a sa furotin nan take. Dalilin gaggawar shi ne wutsiyar tana lalacewa cikin ruwa, cikin sa'o'i kaɗan a pH 7, cikin mintuna idan pH ya doshi 9. Wannan hanya ce ta fi kiyaye lantarkin bututun, kuma babu hayaƙin asid a cikinta. Sai dai abin da aka manna yana iya ɓallewa, musamman idan samfurin yana ɗauke da sabulu ko narkakkun sinadarai masu son kwanciya a kan bangon su ma, kuma fairin ɗin da ba a ɗauraye ba yakan taru ya ba da siginar ƙarya. Ga ma'aunin da za a yi amfani da shi sau ɗaya a yar, kamar na gwajin cuta, wannan rauni ba ya da wani nauyi.

Folima ita ce ta fi kowace hanya sauƙin farawa, kuma ga mai ƙaramin ɗakin gwaji ita nake fara ba da shawara. A 2003 Wang da abokan aikinsa suka nuna cewa Nafion, wata irin folima, yana warwatsa bututun cikin ruwa ko barasa ba tare da asid ba, kuma idan ya bushe yana riƙe su a kan ilektirod. Nafion yana ɗauke da rukunonin salfonet masu cajin negatif a kusan kowane pH, don haka yana tara abubuwa masu cajin fozitif irin su dofamin da dalma da kadmiyom, yana tare furotin da datti daga manne wa fuskar. Wannan halin nasa shi ne kuma iyakarsa: wanda ke son auna naitirait ko bitamin C ko wani mai cajin negatif, ya sa Nafion, ya kori abin da yake nema da hannunsa. Ana sayar da shi yawanci a ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, ana kuma tsinka shi zuwa kusan kashi 0.5 ko ƙasa da haka, domin idan fatar ta yi kauri sinadarin yana jinkirin ratsa ta, ma'aunin ya zama mai nauyin amsawa. Kaitosan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, kishiyarsa ne: yana narkewa cikin asid na asetik mai rauni, yana ɗaukar cajin fozitif idan pH ya yi ƙasa da kusan 6.3, kuma enzayim yana jin daɗin zama cikinsa, musamman idan an ɗaure shi da gulutaraldihaid. Amma yana kumbura ya saki cikin ruwa mai tsami. Folima masu wuce da lantarki da kansu suna da nasu wurin, sai dai a tuna cewa foli'anilin yana rasa kuzarinsa idan pH ya doshi 7, saboda haka ga jini ko fitsari folifairol ko PEDOT sun fi shi. Sabulun warwatsawa irin su SDS kuwa ba na son su a wannan aiki, domin fitar da su daga jikin bututun yana da wuya, kuma ragowarsu tana rufe fuskar.

Ɗora ƙarfe ko mai shiga tsakani yana sauya matsayin bututun gaba ɗaya: ya daina zama mai aikin, ya zama faffadan dandali mai wuce da lantarki wanda wani ke aiki a kansa. Babu aibi a wannan muddin an faɗe shi haka. Misali mafi kyau shi ne auna gulukos. Enzayim ɗin gulukos oksides yana haifar da haidurojin feroksaid, wanda filatinom ke aunawa a matsin kusan bolt 0.6 zuwa 0.7 idan aka auna matsin da ilektirod ɗin kwatance na azurfa, amma a wannan matsin bitamin C da asid na yurik da farasitamol duk suna ba da tasu siginar. Shuɗin Furushiya, wanda Arkady Karyakin na Jami'ar Mosko ya shahara da aiki a kansa tun shekarun 1990, yana auna feroksaid ɗin a kusa da bolt 0, inda waɗancan suke yin shiru. Rauninsa shi ne yana narkewa idan pH ya haura 7, don haka yana buƙatar rufin folima. A nan ya kamata a yi hattara da wata da'awa da ta cika rahotanni, cewa wai gulukos oksides yana miƙa ilektiron kai tsaye ga bututun ba tare da mai shiga tsakani ba. A 2018 Philip Bartlett da Firas Al-Lolage na Jami'ar Southampton suka bi waɗannan rahotanni suka nuna cewa siginar da ake gani ta FAD ce, wato cibiyar aikin enzayim ɗin, da ta fice daga cikinsa ta kwanta a kan kabon, tare da raguwar iskar oksijin da sauran enzayim mai rai ke cinyewa. Cibiyar aikin wannan enzayim a binne take can cikin furotin. Wanda ke son ma'aunin gulukos mai aiki ya zaɓi mai shiga tsakani irin su ferosin, wanda aka nuna amfaninsa tun 1984, ko ya bi ta feroksaid, kada ya gina aikinsa a kan wancan zato.

Auna ƙarafa masu guba shi ne inda wannan zaɓi ya fi kusa da mu. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, inda yara fiye da 400 suka rasu, a 2015 kuma irin haka ta faru a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Hanyar lantarki ta auna dalma ita ce a tara ta a kan ilektirod a matsin kusan bolt 1.2 na negatif cikin bafar asetet, ruwan da ke riƙe pH a 4.5, na mintuna kaɗan ana motsa ruwan, sannan a juya matsin a hankali a ga inda kowane ƙarfe ke sakin ilektiron ɗinsa, kadmiyom a kusa da 0.8 na negatif, dalma a kusa da 0.5. A da zaiba ake amfani da ita, amma tun 2000 da rukunin Wang ya gabatar da fatar bismut, ita ta maye gurbinta a yawancin ayyuka saboda ƙarancin gubarta. Haɗin da na fi amincewa da shi a nan shi ne siririyar shimfiɗar bututu mai bango da yawa cikin Nafion, da bismut da ake zubawa cikin samfurin don ya taru tare da dalmar. Ya isa ya kai ƙasa da maikurogiram 10 a lita, wanda shi ne ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na dalma a ruwan sha, da maikurogiram 3 na kadmiyom. Tagulla tana danne siginar idan tana cikin samfurin, ana kuma kama ta da ɗan ferosayanaid. Bismut ba ya aiki ga asenik ko zaiba, tunda shi kansa yana narkewa kafin a kai matsinsu. Su ƙwayoyin zinariya suke buƙata. Akwai kuma darasin da Zamfara ta bayar wanda masu tseren gano mafi ƙanƙantar adadi ba su cika tunawa da shi ba: na'urar LeadCare II da aka yi gwajin jini da ita a ƙauyukan, wadda ita ma da wannan hanyar tarawa da sakewa take aiki, iyakarta maikurogiram 65 ce a desilita, kuma jinin mafi yawan yaran da aka gwada a farkon lamarin ya zarce wannan. Mafi yawan gubar ta ƙura da ƙasa ta shiga jikinsu, saboda haka ma'aunin da za a kai irin wannan wuri dole ya iya da narkakkiyar ƙasa mai ɗauke da dalma mai yawa, ba ruwan rijiya kaɗai ba, kuma faɗin abin da yake iya aunawa ya kai ƙanƙantar abin da yake iya ganowa muhimmanci.

Yadda aka ɗora bututun a kan ilektirod yakan yi tasiri kamar gyaran kansa. Hanyar da aka saba ita ce a goge ilektirod ɗin kabon mai ƙyallin gilashi, mai faɗin milimita 3, da garin alumina har zuwa na maikuromita 0.05, a ɗiga masa maikurolita 5 zuwa 10 na tawadar mai miligiram 1 a mililita, a bar shi ya bushe. Wanda ya duba busasshen ɗigon da gilashin ƙara girma zai ga baƙin zobe a gefe da tsakiya mai haske, domin ruwan yana jan bututun zuwa baki yayin bushewa, kuma a lokacin hunturu, da iska ke bushe ƙwarai, zoben yakan fi fitowa. Rufe ilektirod ɗin da kofin gilashi don ya bushe a hankali, da ɗigawa kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku, suna rage wannan. Kwaɓa bututun da man ma'adini a cusa cikin rami, kamar yadda Rubianes da Rivas suka yi a Ajantina a 2003, yana ba da fuskar da ake sabuntawa da shafawa a kan takarda, abin da ke da amfani ga dofamin da fenol masu barin datti a fuska bayan kowane awo, amma man yana rage saurin musayar kuma ba ya jure sinadaran narkarwa. Ilektirod da aka buga a kan roba ko tangaran, irin na kamfanin Metrohm DropSens, su suka fi dacewa da fita daji tare da ƙaramar na'ura mai batir. Tsayar da bututun a miƙe a kan zinariya, kamar yadda rukunin Justin Gooding ya yi a Ostareliya a 2003, yana da kyau ga binciken asali, sai dai wahalarsa ta fi ƙarfin aikin yau da kullum. Duk wanda ya sa enzayim a cikin ma'auninsa kuma ya tuna cewa ajiyarsa tana buƙatar sanyin digiri 4, kuma inda wutar lantarki ba ta da tabbas wannan kaɗai ya isa ya karkata zaɓin zuwa hanyar da ba ta da enzayim. Busasshen garin kuma ba abin shaƙa ba ne. A 2014 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa wani nau'in mai bango da yawa, MWCNT-7, cikin abubuwan da ka iya haddasa daji, don haka a auna shi cikin akwati da takunkumi, a kuma ajiye shi a jiƙe idan zai yiwu.

Kowace hanya aka zaɓa, kaurin shimfiɗar yana iya yaudarar mai aiki. A 2008 rukunin Compton ya nuna cewa shimfiɗa mai ramuka tana tsare ɗan ruwan samfurin a tsakanin bututun, kuma wannan kaɗai yana matso da ƙololuwar sigina zuwa ƙaramin matsi, ya sa ta yi kama da an sami saurin musayar ilektiron alhali ba a samu ba. Gwajinsa ba ya cin kuɗi: a ninka saurin kai-da-komon matsin sau huɗu, idan tsayin siginar ya ninka sau biyu to sinadarin daga cikin ruwa yake yaɗowa, idan kuwa ya doshi ninki huɗu to tsararre ne ko mannanne. Shimfiɗa mai kauri tana kuma ƙara kwararar lantarkin bayan fage, wadda ke binne ƙaramar sigina, shi ya sa ƙara bututu ba ya nufin ƙara gani. Tare da wannan, a gwada bututun da ba a gyara ba, a gwada folimar ko ƙarfen shi kaɗai ba bututu, a ƙera aƙalla ilektirod uku daban-daban maimakon maimaita awo a kan guda, a kuma auna samfurin gaske ta hanyar ƙara sanannen adadi a cikinsa, a kwatanta sakamakon da na na'urar auna ƙarafa ta ɗakin gwaji idan ƙarfe ake nema. A rubuta lambar tsiron da ke jikin kwalbar bututun, domin sabon tsiro daga kamfani ɗaya yana iya zuwa da yawan ƙarfe na daban, ya tilasta sake daidaita ma'aunin daga farko.

A cikin waɗannan gwaje-gwajen kwatance ya kamata a sa giraffait da aka yanka ta gefe, da kabon mai ƙyallin gilashi da aka farfaɗo da fuskarsa ta hanyar ba shi babban matsi na ɗan lokaci cikin bafa, da kuma ilektirod ɗin bugawa mara bututu wanda aka sa wa bismut kawai. Ga NADH da bitamin C giraffait ɗin gefe yakan yi kusa da abin da bututun ke yi, ga dalma a ruwa mai tsabta kuma bismut a kan kabon na yau da kullum yakan kai ma'aunin maikurogiram 10 ɗin idan aka ƙara lokacin tarawa. Inda bututun ke nuna fifiko na gaske shi ne inda ake buƙatar faffadar fuska don ɗaukar enzayim ko ƙwayoyin ƙarfe masu yawa a ƙaramin wuri, da inda samfurin ke saurin toshe ilektirod mai santsi, da inda ake son ilektirod mai lanƙwasa a kan roba ko zare.